Wuƙar da Ba Ta da Baya

Nomau ne ya kashe taubashinsa Arzika. Har yau akwai masu cewa a Tungar Bauna wai tsautsayi ne, wai ruwa ne ya ci shi. Ba haka ba ne. Ruwa ya karɓi abin da aka miƙa masa ne kawai. Nomau ya san abin da ke ɗaure a ƙwaurinsa ranar da ya haɗa igiya da Arzika. An gaya masa sharaɗin abin baki da baki, ya ji, ya amsa, daga baya ya yi ƙarya a gaban jama'a.

Tungar Bauna ƙauyen masunta ne a bakin babban kogi, kuma a cikin masuntan akwai 'yan nutso. Idan taru ya sarƙe a saiwa can ƙasan ruwa, ko kwalekwale ya kife da kaya, ko wani ya nutse ana neman gawarsa, su ake kira. Ruwan wurin ja ne, mai kauri kamar kunu, mutum ba ya ganin tafin hannunsa a ciki. Saboda haka ba a nutso mutum ɗaya. Biyu ke shiga, a ɗaura igiyar rama daga ƙugun wannan zuwa ƙugun wancan. Ɗaya ya sami saiwa ko dutse ya rungume, shi ne mai riƙo. Ɗayan ya saki jiki cikin gudun ruwa ya yi aiki, ba abin da ke tsare shi sai igiyar nan. Da ita suke magana a ƙasa: akwai fizgar da ke nufin ina nan lafiya, akwai wadda ke nufin ja ni.

Wuƙar ɗan nutso kuwa kaifi ɗaya gare ta, bayanta mai kauri ne, dakusasshe. Haka aka gada. Mai yanka a duhu yana ɗora babban yatsansa a bayan wuƙa, ya san inda kaifi ya dosa ba sai ya gani ba, ya kuma juya bayan nan wajen igiya. Ko wuƙar ta gogi igiyar ba abin da zai same ta. Kafin mutum biyu su ɗaura, kowa sai ya zaro wuƙarsa ya miƙa wa ɗan'uwansa, shi kuma ya shafa bayanta da yatsa daga ƙota har tsini. Sai an yi haka ake shiga ruwa.

Arzika ɗan Goggo Tabawa ne, ƙanwar mahaifin Nomau, kuma tun suna samari igiyarsu ɗaya, akushinsu ɗaya. Nomau yakan kira shi bawansa, tunda shi ɗan namiji ne, Arzika ɗan mace. Arzika kuma yakan ce shi dai bai taɓa ganin ubangidan da bawa ke ja da igiya kamar akuyar kasuwa ba.

Wata damina kada ya kama Nomau a cinya yana cikin yanke taru. Ya kai masa sara a ruɗe, sai bayan wuƙar ya sauka a kan idon kadan, ba kaifin ba. Arzika ne ya ji fizgar, ya kafa ƙafa a saiwa ya ja, ya ja, har fatar tafin hannunsa ta saɓule, ya ƙwato shi daga bakin kadan. Cinyar ta warke. Tsoron bai warke ba. Abin da Nomau ya riƙe a ransa shi ne wuƙa ta ba shi kunya. Ya manta igiya ce ta fito da shi. Irin wannan mantuwa ita ce farkon lalacewar mutum.

Ya je wurin maƙerin ƙauye ya ce a ƙera masa wuƙa mai kaifi biyu, wadda duk ta inda ya kai sara za ta ci. Maƙeri ya ce ba ya ƙera irinta wa ɗan nutso, ubansa ma bai ƙera ba. Nomau ya bi maƙeran tungayen bakin kogi, amsar ɗaya ce. Sarkin Ruwa Bagudu, tsohon da ke shugabantar masunta, ya kira shi ya ce ya bar zancen nan, don ba a hana abu a ruwa sai an taɓa yin gawa a kansa. Nomau ya ce to, ya fita, bai bari ba.

Can sama da ƙauyen akwai wani gurbi mai zurfi da ake kira Gurbin Shiru. Tsuntsu ba ya kuka a wurin, kifi ba ya tsalle. Amma idan rana ta take tsaka, wanda ya kwantar da kunne a cikin kwalekwale yakan ji ana dukan ƙarfe a ƙarƙashin ruwa. Kowa ya san maƙerar 'yan ruwa ce, ba kuma wanda ke zuwa. Nomau ya tuƙa kwalekwalensa shi kaɗai, bai gaya wa Arzika ba. Ya isa, ya ɗaure kwalekwalen a gindin wata bishiya, ya jira har inuwarsa ta shige ƙarƙashinsa. Da ya ji ƙarar masaba sai ya cika ƙirjinsa da iska ya nutse. Wannan ne karo na farko da ya shiga ruwa ba igiya a ƙugunsa.

Ya yi ta sauka yana bin ƙarar har numfashinsa ya kusa ƙarewa, sai hannunsa ya taɓa ƙyaure na katakon jirgi. Ya tura, ya buɗe. Bayan ƙyauren ruwa ya zama kamar iska, yana shaƙarsa, yana tafiya a kan yashi da ƙafa, ga wani haske kore wanda ba a ganin inda yake fitowa.

Abin da ya fara tarar da shi daji ne, amma ba na itace ba. Duk tarun da ya taɓa ɓacewa a kogin, da sauran kayan kamun kifi irin su koma da birgi da mamari mai ƙugiyoyi, nan suka taru suka miƙe tsaye kamar kuka da tsamiya, ƙasusuwan kifi na reto a jikinsu. A bakin dajin wata tsohuwa na zaune, gashinta gansakuka, tana ɗinke wani yagaggen taru da ba mai sake jefa shi.

Nomau ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ɗan Adam, dajin nan ba a ratsa shi mutum ɗaya. Ga zare a hannuna. Ɗaura bakinsa a ƙugunka, ni in riƙe ɗaya bakin. In ya kama ka, in jawo ka."

Ya ce, "Na gode, Iya. Abin da ya kawo ni ke nan, in sami abin da zai raba ni da jiran wani ya jawo ni."

Tsohuwar ta ci gaba da ɗinkinta. Ta ce, "Duk waɗanda suka zo haka suka ce. Shiga."

Ya shiga. Tarunan suka fara motsi. Ya yanka na gabansa, na baya ya kama masa diddige. Ya juya ya yanka wannan, wani ya naɗe masa wuya, ƙugiyoyin mamari suka shiga kafaɗarsa. Kowane yanka sai ya juya wuƙar a hannunsa don kaifin ya dosa inda yake so, kuma kowace juyawa sai ya ƙara tsine mata. Ya fita daga dajin jina-jina, wuƙar ta yi giɓi kamar bakin tsoho. Ya waiwaya don ya ga ko tsohuwar na kallonsa. Ba kowa.

Daga nan ya shiga wani gari da aka gina da jiragen da suka nutse. An kifa manyan kwalekwale sun zama rufin ɗakuna, filafilai sun zama shinge. Gari ne sosai, da lunguna da dandali da runfunan kasuwa, amma ba mutum, ba aljan, ba ko ɗan kifi. A ƙofar kowane ɗaki akwai akushi ɗaya da tuwo yana tururi, da tabarma ɗaya, daidai zaman mutum ɗaya. Ya yi sallama a ɗaki na farko, muryarsa ta tafi ba ta dawo ba. Ya yi a na biyu, haka. Yunwa na cinsa, amma bai iya zama ya ci tuwon da ba wanda zai sa hannu tare da shi ba. Ya ji hannunsa ya kai ƙugunsa da kansa yana neman igiya ya fizga. Ba igiya. Ya ƙara sauri ya bar garin.

A ƙarshen garin akwai ƙofar dutse, kuma a bakinta kada ne kwance, tsawonsa ya tare hanyar duka. A kan idonsa na hagu akwai tabo. Nomau ya ja ya tsaya.

Kadan ya ce, "Maraba da mai cinya. Na san ɗanɗanonka. Kada ka ji tsoro, a bakin ƙofar nan mai gadi ne ni, ba na cin baƙon maigidana. A kogi kuwa ba alkawari tsakanina da kai."

Nomau ya ce wurin maƙeri ya zo.

Kadan ya ce, "Ba a shiga wurinsa da ƙarfen ɗan Adam. Ajiye wuƙarka a kan harshena."

Ya buɗe baki. Nomau ya miƙa hannu cikin haƙoran da suka taɓa shiga namansa, ya ajiye wuƙar da ubansa ya ba shi, ya janye hannun. Kadan ya haɗiye ta.

Ya ce, "Wannan ita ce ta yi mini tabo, ko da bayanta. Amma ba ita ta fitar da kai daga bakina ba. Akwai wani a ɗaya bakin igiyar, mai taurin kai. Ina ka baro shi?"

Nomau ya ce wannan ba ruwan mai gadi ba ne. Kadan ya janye wutsiyarsa, Nomau ya wuce.

Maƙerin dogo ne, fatarsa santsi kamar ta tarwaɗa, idanunsa ba sa ƙiftawa. Wutarsa shuɗiya ce, tana ci a cikin ruwa, zugazugin na hura kansa. Shi kaɗai yake. A bangon dutse wuƙaƙe ne jere, ba ɗaya da tsatsa ta taɓa.

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa. Maƙerin ya ajiye masaba.

Ya ce, "Ɗan Adam, ba a sayen ƙarfena, zaɓa ake yi, kuma sau ɗaya. Faɗi aikin da za ka yi da ita."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki biyu ne. In yanka taru da igiya da ciyawar da ke naɗe mutum. In kuma kare kaina daga abin da ke da haƙori."

Maƙerin ya ciro wata gajera mai faɗi, ba ta da tsini. Ya ce wannan ta ɓamɓarar katako ce da tono, ba ta huda mai ita ko da ya faɗa mata. Nomau ya ce kada ba katako ba ne. Ya ciro wata mai haƙora kamar zarto, ya ce wannan tana cin igiya mai kauri wadda ruwa ya kumbura. Nomau ya ce tana maƙalewa a nama. Ya ciro wata mai kaifi ɗaya, irin ta 'yan nutso sak, sai dai ba ta dakushewa har abada, tana da tsini mai shiga fatar kada kamar kabewa. Ya ce wannan za ta yi masa aikin biyun duka, in dai ya koyi riƙe hankalinsa lokacin tsoro.

Nomau bai ko karɓe ta ba. Idonsa na kan wata da ke can gefe ita kaɗai, siririya kamar ganyen rama, kaifi ta nan, kaifi ta can. Maƙerin ya sauko da ita ya miƙa masa. Ƙotarta ƙashin giwan ruwa ce, an yi mata zane-zane yadda ba za ta sulɓe a jiƙaƙƙen hannu ba. Nauyinta daidai hannunsa. Kubenta na da madauri biyu na ɗaurawa a ƙwauri, inda kowane hannu zai iya kaiwa. Ya kaɗa ta dama, ya dawo da ita hagu, ya ji ruwa na rabuwa a duk tafiyar biyu. Bisa sabo ya kai babban yatsansa inda baya ya kamata ya kasance. Jini ya fito.

Maƙerin ya ce, "Ka gani da kanka. Ba ta da baya. Tana yanka a tafiya, tana yanka a dawowa, ba ta san abokin gaba daga abokin aiki ba. Wuƙar mutum ɗaya ce. Ga sharaɗinta: muddin tana jikinka, ba za ka haɗa igiya da wani mai rai ba. Ranar da ka haɗa, wannan ita ce igiya ta ƙarshe da za ta riƙe ka. Ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Ka ga garin da ka ratso?"

"Na gani."

"Masu irinta ne suka gina shi. Har yanzu ita kake so?"

Nomau ya tuna haƙoran da ke bakin ƙofa. Ya ce ita yake so. Maƙerin ya ɗauki masabarsa ya juya masa baya, sai Nomau ya ga kansa a saman ruwa kusa da kwalekwalensa, rana na nan tsaka, wuƙar a ƙwaurinsa.

Da ya koma Tungar Bauna bai nuna wa kowa ita ba. Ya ce wa Sarkin Ruwa ya yi alwashi ne, daga yau shi kaɗai zai riƙa nutso. Tsohon ya dube shi, ya ce ransa ne, ba na wani ba. Arzika ya ɗauka wasa ne. Ya ce ubangida ya 'yanta bawansa ke nan ba ko goron sallama? Da ya ga da gaske ne sai ya naɗe igiyarsu ya rataye a ɗakin uwarsa. An ba shi wasu abokan nutso, ya ƙi. Ya ce hannunsa ya saba da fizgar wawa ɗaya, ba zai koyi ta wani ba. Ya koma gyaran taru a gindin bishiya.

Wuƙar ta yi duk abin da Nomau ya so. Tarun da mutum biyu ke wuni a kansa, shi kafin hantsi ya gama. Ciyawa ba ta riƙe shi. Wani ƙaramin kada ya taɓa tunkararsa, ya farke shi a sara ɗaya. Sunansa ya kai tungayen nesa.

Amma a ƙasan ruwa ba mai tambayarsa ko yana lafiya. Da, duk ɗan lokaci sai ya ji 'yar fizga a ƙugu, ya mayar. Wani lokaci Arzika kan fizge shi ba dalili, don tsokana kawai, ya kusa sa shi dariya ya sha ruwa. Yanzu duhu ne da sanyi da bugun zuciyarsa. Idan ya fito ba wanda zai ce masa ya daɗe. 'Yan nutso na cin abinci bibbiyu a bakin gaɓa, kowa da abokin igiyarsa, shi kuma ya ja akushinsa gefe. Wata rana ya dubi tabarmarsa da akushinsa, ya ga daidai zaman mutum ɗaya ne, ya tuna inda ya taɓa ganin irinsu. Ya rufe tuwon bai ci ba.

Goggo Tabawa ta tare shi a hanyar rafi. Ta ce, "Nomau, me ɗan'uwanka ya yi maka? Ya rame, kai ma ka rame. In laifi ya yi ka faɗa mini in ja masa kunne, har yanzu hannuna na kaiwa."

Ya ce, "Ba abin da ya yi, Goggo."

Ta ce to ita ba ta gane irin wannan alwashi ba, amma igiyarsu ta tsufa a rataye, ta murɗa musu sabuwa da hannunta, tana nan tana jira.

Da kogi ya cika ya kawo, babban tarun ƙauye, wanda kowane gida ke da hannu a saƙarsa, ya sarƙe a ƙasan wani dutse inda ruwa ke gudu kamar doki. Mutum ɗaya ba zai iya tsayawa a wurin ba, komai wuƙarsa. Sarkin Ruwa ya ce ba waɗanda suka san ƙasan dutsen nan kamar Nomau da Arzika. Ya roƙi Nomau ya jingine alwashinsa na yini ɗaya.

Zuciyar Nomau ta yi fari, don abin da yake marmari ke nan. Hanya kuma a buɗe take: ya kwance wuƙar ya bar ta a ɗaki, ya ari irin ta kowa ya shiga. Har ya kai hannu ga madaurin. Amma da safen nan ya ga sawun kada a laka, babba, da jan wutsiya kamar an ja gungume. Ya tsaya yana tunani. Ya ce a ransa ai shi ne zai yi riƙo, ba zai zaro ta ba, tana nan dai a kube don ko da wani abu. Igiya yake so, wuƙar ma yana so. Ya ari wuƙa mai kaifi ɗaya ya soke a ƙugu, ya saki ƙafar wandonsa ta rufe ƙwaurinsa.

A bakin gaɓa jama'a sun taru. Goggo Tabawa ta kawo sabuwar igiya. Arzika ya miƙa wuƙarsa, Nomau ya shafa bayanta. Nomau ya miƙa ta aro, Arzika ya shafa yana dariya.

Ya ce, "Da wannan guntuwar kake ta yin suna? Ashe ruwa ne ke jin tausayinka. Kuma wa ke nutso da dogon wando kamar mai zuwa ɗaurin aure?"

Nomau ya ce tabon cinyarsa ne ba ya son sanyi.

Sarkin Ruwa bai yi dariya ba. Ya matso ya ce, "Nomau, ban da wannan, akwai wani ƙarfe a jikinka?"

Nomau ya ce, "Babu, Baba."

Aka ɗaura. Suka tuƙa kwalekwalen Nomau zuwa dutsen, suka shiga.

Nomau ya rungume wata saiwa a gindin dutsen, Arzika ya saki jiki cikin gudun ruwa, igiyar ta miƙe ta yi tauri. Can sai fizga ta zo: ina nan lafiya. Nomau ya mayar. Jim kaɗan wata ta sake zuwa, irin ta tsokanar nan, ba dalili. A cikin duhun nan Nomau ya ji hawaye na fita daga idonsa suna haɗuwa da kogi. Tun da ya dawo daga Gurbin Shiru bai ji daɗi irin na wannan lokacin ba.

Sai wani abu mai kaushi ya gogi bayansa, ya wuce, ya juyo.

Wuƙar aro na ƙugunsa, kusa da hannunsa. Bai ko tuna da ita ba. Hannunsa ya tafi ƙwauri. Ya zaro, ya kai sara da dukan ƙarfinsa, ya ji ta shige nama, ya fizgo ta baya don ya ƙara.

Muryar kadan nan mai gadi ta zo masa a cikin ruwa, a hankali, ba fushi. Ta ce, "Ka same ni, mai cinya. Wuƙa ce ta ƙwarai. Yanzu taɓa ƙugunka."

Ya taɓa. Nauyin da ke jansa ya tafi. Ya jawo igiyar, ta zo ba wuya, ba ta fi tsawon hannu ba. Ya fizge ta duk da haka, ya sake fizga, kamar akwai mai amsawa. Ya saki saiwar ya lalubi ruwa ta ko'ina har ƙirjinsa ya kusa fashewa. Ruwa ya riga ya tafi da Arzika ƙarƙashin dutsen, cikin tarun da ya je kwancewa.

Nomau ya fito shi kaɗai, ya kama gefen kwalekwalensa ya hau, ya tuƙa zuwa gaɓa. Ya ce kada ne, kada ne ya ciji igiyar. Goggo Tabawa ta shigo ruwa har gwiwa, ta kama guntun da ke ƙugunsa ta duba bakinsa. Ba tauna, ba zare ko ɗaya da ya tsefe. Ta dubi ƙafar wandonsa da ta naɗe, ga kube a fili. Ba ta yi kuka a lokacin ba.

Ta ce, "Da ka ce masa akwai, da ya shiga da kai duk da haka. Ka san shi. Amma da ya riƙe igiyar nesa da hannunka."

Ta saki guntun ta juya.

Nomau ya jefa igiyar kwalekwale a turken da yake ɗaurewa kullum. Ƙullin ya warware da kansa. Ya sake ƙullawa, igiyar ta rabu biyu kamar an sa reza. Sarkin Ruwa ya miƙa masa gorar tuƙi ya kama, gorar ta sulɓe. Kwalekwalen ya fara ja da baya zuwa tsakiyar kogi. Ya faɗa ruwa ya yi iyo, gaɓa na matsawa gabansa, yana ganin mutane suna ƙanƙancewa, har ya gaji ya koma ya hau. Ya kwance wuƙar ya wurga ta cikin kogi. Da ya dubi ƙwaurinsa tana nan a kubenta.

Ya gwada a tungar da ke ƙasa, ya gwada a ta gaba da ita. Mutanen kirki sun jefa masa igiyar rama, sun jefa ta roba, wani ma sarƙa ya jefa. Kowace ta taɓa hannunsa sai ta rabu. Daga baya aka daina jefawa.

An sami gawar Arzika da ruwa ya janye, aka yi masa sutura, jama'ar tungaye suka taru a kansa. Nomau bai mutu ba, bai kuma sake taka ƙasa ba. Yana tsakiyar kogi a kwalekwale, da akushi ɗaya, da wuƙarsa a ƙwauri, da guntun igiyar rama a ƙugu wanda ba ya kwantuwa. Masunta kan hango shi da rana tsaka yana fizgar guntun yana jira. Ba mai mayar masa. Hukuncinsa ke nan, kuma daidai ne da laifinsa.